Ƙugiyar da Na Sa wa Ƙuli-ƙuli

Sai da 'ya'yana suka tasa na fara riƙe fensir. A Anka aka buɗe mana ajin yaƙi da jahilci, cikin makarantar firamare, bayan yara sun tashi. Mukan zauna a kan bencinsu, gwiwoyinmu na dukan tebur, wasu da goyo a baya. Malamarmu mace ce mai sanyin hali, amma akwai abu ɗaya da ba ta sassauta wa kowa a kai, haruffa masu ƙugiya. Takan ce ƙugiya ba ado ba ce, ita ke raba baki da baƙi, ita ke raba kafa da ƙafa.

Wata rana ta kira ni gaban allo, ta ce in rubuta abin da na sa a miyata jiya. Na rubuta kuka, na rubuta daddawa, na rubuta gishiri, sannan na rubuta ƙashi, amma na mance ƙugiyar. Malama ta dubi allon, ta dube ni, ta ce, "To, Allah shi kyauta. Daga yau na bar cin tuwon gidanki." Aji ya kwashe da dariya, har wata ta zamo daga benci. Ni ma na yi dariyar, amma kunyar ta raka ni har gida. Tun daga ranar ban sake barin harafi ya tafi ba ƙugiyarsa ba. Ko allon shago na gani an rubuta ba daidai ba, sai in ji hannuna na ƙaiƙayi.

Labarin miyar bai kwana biyu ba ya isa Gummi, wurin taubashiyata, ɗiyar kawuna da ke aure can. Gida ɗaya muka tashi da ita, kuma tun muna yara ba mu taɓa gaisawa babu tsiya a ciki ba. Ni in ce mata baiwata, ita ta ce kakanta ne ya sayi nawa da kwandon gero. Ba ta yi boko ba, ajami take rubutawa, a waya kuwa sai dai ta yi magana ta aiko. Ta aiko mini da murya tana dariya: "Malama mai ƙugiya, an ce kin yi miyar da ba a taɓa yi ba a zuriyarmu. Kar ki aiko muna, mun ƙoshi." Sunan nan ya zauna. Shekaru ba ta kira ni da wani ba.

Muna da ƙungiyar mata masu aikin gyaɗa. Ta samo asali ne bayan lokacin gubar dalma, da aka hana niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje, matan Abare da Sunke suka rasa abin yi da hannuwansu. Muka haɗu da su, mu na cikin gari, muna soya gyaɗa, mu kai inji, mu matse mai, tunkuzar mu murza ƙuli-ƙuli. A hankali dangi suka jawo dangi, aka samu mata a Bukkuyum, aka samu a Gummi. Taubashiyata ce ke kula da na Gummi.

Ɗiyata ta biyu ta karanta kwamfuta, tana aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma. Ita ta ce mu buɗe shafi a intanet, domin 'yan kasuwar birni su ga kayanmu ba sai sun hau hanya ba. Ranar da ta gama shi ta zaunar da ni ta yi mini bayani, don ta san ba na son in riƙe abin da ban gane ba.

"Inna, ki ɗauka gida ne. Akwai waɗanda munka yi rajistar sunan gidan wurinsu, su ka nuna wa baƙo hanya. Akwai waɗanda sunka ba mu filin da gidan yake zaune. Sannan akwai manhajar da ke cikin gidan, ita ka shirya ɗakuna, ta jera hotuna, ta tarbi wanda ya yi sallama. Ke da ita za ki riƙa hulɗa."

Mutum uku aka ba kalmar sirri ta shiga ciki, mu dai makulli muke ce mata. Ɗiyata, domin ita ta gina. Ni, domin ni ke rubuta 'yan kalmomin da ake sawa ƙarƙashin hotuna. Sai taubashiyata, da aka nuna mata inda za ta danna ta ɗora hotunan kayan Gummi. Ɗiyata ta sa mini rubutun Hausa a wayata, in na danne ka na ɗan jima, sai mai ƙugiyar ta fito. Ban taɓa jin daɗin wata kyauta kamar wannan ba.

Shafin ya yi kusan shekara yana aiki lafiya. Ana kira daga garuruwan da ban taɓa zuwa ba, a ce an ga jarkokin manmu.

Wata Talata da hantsi, ɗiyata tana Gusau wurin wani kwas na mako guda, na gama rubuta bayanin sabon mai, ban fita daga shafin ba. Na tsaya ina leƙa wuraren da ban saba shiga ba, kamar mai zagaya gidan da ta daɗe a ciki ba ta san bayansa ba. Komai da Turanci yake, ban gane ba, sai na iso wani wuri mai akwatuna biyu, ɗaya bisa ɗaya. A cikin kowanne an rubuta sunan shafinmu. Sunan kuwa da ƙuli-ƙuli ya fara. Na duba da kyau, sai na ga duka biyun ba ƙugiya ko ɗaya.

Na ce a raina, yaran zamani ke nan. An kai su makaranta mai tsada, sun dawo ba su san ka da ƙa ba. Shekara guda sunanmu na yawo a duniya tsirara. Na danne ka, mai ƙugiya ta fito, na gyara ta farko, na gyara ta biyu. Na sauka akwatin ƙasa na yi haka nan. Na danna shuɗin maɓallin da nake dannawa kullum in na gama rubutu.

Sai shafin ya ɓace, fuskar wayar ta yi fari. Ban damu ba ko kaɗan. A Anka sabis yakan ɗauke ana tsakar magana, ya dawo lokacin da ya ga dama. Na ajiye wayar na koma kan kaskona, raina fes. Ban gaya wa kowa ba. Gyaran harafi ba abin da ake shela ba ne, kuma ban so in kunyata yarinyar.

Washegari shugabarmu ta aiko a kira mu. Dattijuwa ce mai kirki, amma tana da saurin yanke magana. Ta ce wani mai sayen manmu daga birni ya kira ta, ya ce in ya rubuta sunan shafinmu, sai wayarsa ta tsallake ta kai shi wani adireshi dabam, mai wasu haruffa barkatai, can kuma ba komai. Kowa ta zaro wayarta ta gwada. Haka ne. Kana rubuta namu, kafin ka ƙifta ido, sunan da ke sama ya canza ya koma wani abu da ba ya karantuwa.

Wata daga Sunke ta ce, "Wanga ba lalacewa ba ne. In abu ya lalace tsayawa shikai. Wanga juya muna baƙi aka yi."

Wata ta ce, "Kamar mai tsayawa bakin tasha shi ce wa mutane ba nan ba ne, ku biyo ni."

Shugaba ta ce, "Su wa ke da makulli?"

Aka lissafa mu uku. Ɗiyata ba za ta rushe abin da ta gina ba. Ni kuwa, aka ce, kowa ya san ni, ko kaza ba na kora da ƙarfi. Saura mutum ɗaya. Sai wata ta tuna cewa ƙanen mijin taubashiyata ya kafa injin matsar gyaɗa a Gummi watannin baya, yana neman masu saye. Magana ta haɗu da magana, kafin a tashi ta zama igiya. Aka ce ranar Asabar za a taru a Gummi, da matan Bukkuyum, a karɓe makullin a hannunta, a kuma duba ko za ta ci gaba da zama cikinmu.

Ina zaune a wurin. Ban ce uffan ba. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna nake jin nauyi. Ko kaɗan ban kawo gyarana a rai ba, domin a wurina gyara gyara ne, ba ya ɓata abu. Amma na san matar nan tun muna wasan ƙasa, na san ba ta cin abin wani. Da na buɗe baki na faɗi haka kawai, da an ɗan ja birki. Sai na ce a raina, mutum ai ba a shaidarsa, kuma in na kare ta za a ce don 'yar'uwata ce. Na naɗe tabarmata na tafi gida.

Ranar Alhamis da yamma taubashiyata ta kira ni. Na ɗauka ina jiran in ji "Malama mai ƙugiya," sai na ji ta ce, "Salamu alaikum. Ina wuni? Ina gajiya? Ya yara?"

Na amsa. Amma gaisuwar baƙi ce.

Ta ce, "An ce kina wurin da anka yi maganar."

Na ce ina wurin.

"Mi kinka ce?"

Ta jira ni, ta jira, sannan ta ce, "To, madalla. A gaida mutan gida." Ta kashe.

Taubashi in ya zage ka, lafiya ce. Ranar da ya gaishe ka da ladabi, to ka bincika.

Ɗiyata ta dawo daga Gusau ranar Juma'a da safe. Ko hijabi ba ta cire ba ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, inda sabis ya fi kamawa, ta buɗe kwamfutarta. Ni ina gefe da kwanon tunkuza ina murza ƙuli-ƙuli. Ɗabi'arta ce in tana aiki ta riƙa magana a fili, ni kuma ina son saurare.

Ta ce, "Inna, kafin a ce wa ya yi, sai an san daga ina umarnin ke fitowa. Wuri huɗu ko biyar ne ka iya ce wa baƙo an tashi daga nan, tahi can. Sai mun bi su ɗaya-ɗaya."

Ta fara da masu rajistar suna. Ta ce wani lokaci wa'adin suna kan ƙare, wani ya saye shi, ko ɓarawo ya shiga ya karkatar da hanyar tun daga can. Ta shiga ta duba. Sunan yana nan namu, wa'adinsa da saura, kuma yana nuna filinmu daidai, ba a sa masa umarnin juya kowa ba.

"Ba su ba ne. Hanya lafiya take har ƙofar gida."

Ta koma wurin masu filin. Ta ce a bakin ƙofa akwai wata 'yar takarda da ake rubuta dokoki, kamar mai gadi ne, in an rubuta masa ya juya mutane, zai juya su tun ba su shiga ba. Ta buɗe ta karanta layi-layi, tana bi da yatsa. Ba abin da aka ƙara. Ta rubuta wa masu filin saƙo, ba a jima ba suka amsa cewa su dai ba su juya kowa ba, ta duba cikin gidanta.

Ta ce, "To bari mu yi sallama da kanmu, mu ji wa ka amsawa."

Na ce, "Yaya ake yi wa shafi sallama?"

Ta ce duk lokacin da waya ta nemi shafi, kafin hotuna su zo akwai ɗan gajeren saƙo da ke riga su isowa, ido ba ya ganinsa, waya ce kawai ke karantawa ta yi biyayya. Amma akwai yadda ake tsayar da shi a karanta. Ta buɗe wani baƙin allo, ta rubuta sunan shafinmu, sai layuka kaɗan suka fito. Ta juyo da kwamfutar wajena, na matso da hannuwana duk mai.

"Kin ga lambar ga, ɗari uku da ɗaya? Ma'anarta an tashi ke nan, ba dawowa. Da ɗari uku da biyu ce, da balaguro ne, a dawo. Wanga layi na ƙasa kuma shi ka faɗin wa ya ba da umarnin." Ta matso da fuska tana karantawa. "Manhajar ce da kanta. Daga cikin gida ne."

Na ji hannuna ya tsaya a kan tunkuzar. Daga cikin gida, wato mai makulli. Na ce, "Ashe dai gaskiyar mata ne?"

"Inna, ki dakata. Akwai ƙananan manhajoji da na liƙa wa babbar, su ma in sun juya mutum da sunanta sukan fake. Wani lokaci ɗaya kan rikice ba wanda ya taɓa ta."

Ta so ta shiga da makullinta ta kashe su, abin ya ƙi, domin ita ma da ta nufi ƙofar shiga sai a juya ta zuwa wancan adireshin. Ta yi tsaki, ta ce mai gida ma an hana shi gidansa. Ta zagaya ta wurin masu filin, ta kashe ƙananan duka a lokaci ɗaya, ta sake yin sallamar. Amsa ba ta canza ba.

"Su ma ba su ba ne. Saura wuri ɗaya."

Ta ce manhajar tana da inda ta rubuta sunanta da kanta, wuri biyu, domin ta san ko ita wace ce. In baƙo ya zo da sunan da ya saba da wanda ke rubuce wurinta, ba ta gardama, sai ta ce masa ka yi kuskure, ga sunana na gaskiya, tafi can. Ba mugunta ba ce, haka aka gina ta, don kada gida ɗaya ya zama da suna biyu. In an canza abin da ke rubuce a wurin nan, to kowa ya zo za ta tura shi inda sabon sunan ya nuna, ko da daji ne.

Da ta ce wuri biyu, wani abu ya ɗarsu a raina, amma ban kama shi ba tukuna.

Ta koma kan layin da ke nuna inda ake tura mutane, ta ƙura masa ido. Ta ce, "Abin mamaki, Inna. Ɓarawo wurinshi shika kai mutane. Wanga kuwa sunanmu ne, komi nashi daidai. Sai dai duk inda ka take, an cire ta an sa wani tarkace, alama da harafin si da shida, alama da tara da tara. Ga shi nan farko, ga shi nan tsakiya. Sau biyu, iri ɗaya."

Ta kwafi tarkacen ta sa a wani wuri da ke mayar da irinsa harafi. Harafi ɗaya ya fito a tsakiyar farin allo, babba, da 'yar ƙugiyarsa a ka.

Wata kaza ta zo tana tsattsagar ɓarɓashin gyaɗa kusa da ƙafata, ban kore ta ba. Ɗiyata ba ta dube ni ba, allon take kallo. Ta san wayar da ke da wannan harafin, ita ta sa shi da hannunta. Taubashiyata kuwa ko ka marar ƙugiya ba ta rubutawa.

Na ce, "Ba a sa masa ƙugiya ba ne. Na ga an mance."

Ta rufe bakinta da gefen hijabi. Kafaɗunta suka fara rawa. Na ɗauka kuka take, ashe dariya ce take dannewa don kada ta yi wa uwarta. Da ta samu numfashi ta ce, "Inna, ba mantuwa ba ce. Da ka marar ƙugiya munka yi rajista, don ita ce kowa ke da ita a wayarshi. A wurinki kalma ɗaya ce anka rubuta ba daidai ba. A wurinsu gida biyu ne, ɗaya namu, ɗaya ba a taɓa gina shi ba. Kwana huɗu muna aika mutane gidan da babu."

Na ce, "Amma ƙuli-ƙuli da ƙugiya yake."

"Da ita yake, Inna. Ko'ina ki sa mai, ban da akwatunan nan biyu."

Gyaran bai ɗauki lokacin tafasar ruwa ba. Ta shiga rumbun da manhajar ke ajiye bayananta, ta nemo layukan biyu, ta cire ƙugiyoyina huɗu, ta kunna ƙananan manhajojin da ta kashe. Ta sake sallama, lambar ta canza, hotunan jarkokinmu suka fito.

Sannan ta sassauta murya ta ce, "Manhajar ba ta rubuta wa ya canza ba. In kina so, sai in ce matsala ce daga saituna, na gyara. Ba ƙarya na yi ba."

Na yi ta murza ƙuli-ƙuli ɗaya har ya yi siriri ya katse. Na san abin da take so ta rufa mini. Amma in an ce daga saituna ne, mata za su ce wa ya taɓa saitunan, su koma inda suka tsaya. Ko ba su faɗa ba, za su riƙe. Na ce mata ta shirya, gobe tare za mu Gummi.

Mun isa kafin azahar. A gidan wata 'yar ƙungiya aka taru, matan Bukkuyum sun riga mu. Taubashiyata tana zaune can gefe a bakin tabarma, ta sa wayarta a gabanta a ƙasa, kamar ta riga ta miƙa ta. Ta gaishe ni da hannu biyu, yadda ake gaida surukai.

Shugaba ta fara magana, na nemi izini na katse ta, abin da ban taɓa yi ba. Muryata ba ta da ƙarfi, sai da aka ce a yi shiru. Na faɗi komai yadda ya faru, tun daga akwatunan biyu har shuɗin maɓalli. Na ce ba wanda ya juya mana baƙi sai ni, kuma na yi ne ina ganin gyara nake. Na ce ranar Laraba an ambaci 'yar'uwata da abin da ba ta yi ba ina zaune, na san halinta, ban ce komai ba, wannan kuma ba harafi ne ya sa ni ba.

Wata daga Bukkuyum ta ce, "Tsaya, in gane. Wutsiyar ka ce ta rufe muna kasuwa kwana huɗu?"

Ɗiyata ta ce, "Ba wutsiya ba ce, a ka take."

Dariya ta tashi, wasu har da tafawa. Amma shugaba ba ta yi ba. Ta zaro wayarta ta rubuta sunan shafin, ta ɗaga ta sama. "To ga shi, har yanzu can shika kai ni. Kun tabbata ba rufa wa wani asiri kukai ba?"

Na dubi ɗiyata. Ta karɓi wayar da ladabi ta ce, "Hajiya, an gyara. Wayarki ce ta riƙe. An gaya mata sau ɗaya cewa an tashi ba dawowa, ta yarda, ta bar zuwa ta tambaya. Ko kin ce ta tahi gidanmu, sai ta ce ai na sani, ta wuce can. Sai an goge abin da ta riƙe." Ta danna wasu wurare, ta miƙa mata. Shugaba ta sake gwadawa, hoton man Gummi ne ma ya fara fitowa, wanda taubashiyata ta ɗora da hannunta. Daga nan mata suka yi layi, kowa na miƙo wayarta a goge mata.

Shugaba ta juya wajen taubashiyata ta ce a yi haƙuri, an yi gaggawa. Wadda ta fara kawo maganar injin ma ta ba da haƙuri, idonta a ƙasa. Taubashiyata ta ɗauki wayarta daga ƙasa, ta share ƙurar da zanenta, ta ce ba komai, Allah shi kiyaye gaba. Da za mu tafi na je na durƙusa kusa da ita, na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ba komi. Allah shi kai ku lafiya. A gaida mutan gida."

Muka kama hanyar dawowa. Ɗiyata ta ce ai an wanke taubashiyata, kowa ya ji. Na ce an wanke ta. Ban iya yi mata bayanin sauran ba.

Mako uku taubashiyata ba ta kira ba. Hotunan Gummi suna shigowa shafin kamar kullum, na ci gaba da rubuta musu bayani a ƙasa, da ƙugiyoyinsu cif. Akwatunan nan biyu kuwa ɗiyata ta kulle su, ta yadda ko na so ba zan iya taɓawa ba, ban kuma ji haushi ba. Sau biyu na aika mata da murya, na gaishe ta, ta amsa a taƙaice, da ladabi.

Ranar wata Lahadi ina shanya gyaɗa, direban da ke ɗauko mana kaya daga Gummi ya yi sallama, ya ce ga saƙo an ce a ba ni hannu da hannu. Leda ce ɗaure da tsumma. Na kwance. Ƙuli-ƙuli ne, mai zafin yaji yadda take yinsa, amma ba zobe ba ne irin nata, ba kuma sanda ba irin namu. Kowane ɗaya an murza shi dogo, an lanƙwasa kansa. Na zazzage su a faranti, na duba ko akwai wanda aka mance, babu.

Ina tsaye da farantin wayata ta yi ƙara. Na danna, muryarta ta cika tsakar gidan.

"Malama mai ƙugiya, baiwar kakana. Ga su nan na aiko miki, ki ci ki ƙoshi, ki bar muna shafi lafiya. In sun ƙare ki faɗa, kar yunwarsu ta sa ki shiga rufe wa gwamnati nata."

Na zauna a bakin turmi na saurara sau uku. Sannan na ɗauki ɗaya na karya ƙugiyar da haƙori, na danna wurin magana, na fara da kakanta.